Ragon da Muka Kai Maraɗi

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. In na je rijiya a tambaye ni, in na je gidan suna a tambaye ni, har a wurin gaisuwar mutuwa wata ta matso ta raɗa mini, "Asabe, wai da gaske ne buredinsu ya kai tsawon taɓarya?" To ku gyara zama, yau zan zazzage muku duka, daga nan kuma kada wadda ta sake tare ni da zancen Maraɗi. Ni ba yawon buɗe ido na je ba. Na je ne in nemo wa ɗana dalilin zama a gida.

Kun san kamfanin matsar gyaɗa na Alhaji Sabo, na bakin titin nan tsakanin Kabo da Gwarzo. A ƙofarsa nake sayar da abinci tun ana ɗora masa kwano, ɗana Nura kuma shi ke tayar da injin a ciki. Da kasuwa ta mutu, kaya suka yi tsada, kuɗi ya tsere daga hannun mutane, sai aka fara rage ranakun aiki. Manya suka taru suka ce maganin abin shi ne a sauke wa masu kamfanoni nauyin haraji. Wai in suka sami sarari za su ƙara jari, su ɗebi ma'aikata, kowa ya lasa. Aka yi ta kai-kawo har gwamnati ta yafe musu. Ranar da aka faɗa a rediyo sai da na rangaɗa guɗa, don na ɗauka tukunyata aka yi wa albishir. Ba a jima ba manyan motoci suka zo suka kwashi injuna, aka ce gyara za a kai su, aka sa wa ƙofa kwaɗo. Alhaji kuma aka ce yana Maraɗi. Na kwashe tukwanena na koma bakin tasha, inda mai yankan tikiti bai taɓa fashin zuwa wurina ba ko ranar da ban sayar da kwano biyu ba.

Zama ya ishi Nura. Abokansa sun watse, wasu sun shiga daji haƙar zinare, kuma kun san ɗan gidan maƙwabtanmu da rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo ba. Wata rana ina kwashe tuwo ya tsaya a kaina ya ce, "Inna, ni fa ba zan zauna ina cin tuwon da kike sayarwa ba. Da an yanke gero zan bi su." Na yi faɗa, na yi lallashi, abin da na samu kawai shi ne alkawarin ba zai motsa ba sai na je na ji daga bakin Alhaji ranar da za a buɗe kamfani.

Dama manoman gyaɗa na Gude da na Kara sun shirya tura Malam Garba, sakataren ƙungiyarsu. Ƙanin marigayi mijina ne, baffan Nura, kuma shi ne kan gaba lokacin da ake roƙon a yafe harajin. Ni kuwa aka sa ni a tafiyar ne don ni da Alhaji Sabo ɗan mace da ɗan namiji ne. Taubashina ne. Maganar da dattijo zai yi ta zagaye bai faɗa ba, ni sai in yaɓa masa ita cikin wasa, ba shi da damar fushi.

Sai ga rago. Manoman nan da ba su sayar da gyaɗar bara ba, su suka yi karo-karo suka sayi rago, wai ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Na ce, "Malam, mu da yunwa ke ci, mu ne za mu kai wa mai ƙoshi nama?"

Ya ce, "Yaya Asabe, famfon tuƙa-tuƙa ma sai kin zuba masa ruwa yake kawo ruwa."

Na ce, "In akwai ruwan a ƙasa ba."

Ya ce ni dai bakina ba ya mutuwa, muka kama hanya.

A tashar Gwarzo aka tura ragon a but, aka ɗaure murfin da igiya don ya sha iska. Direbanmu wani siriri ne mai yawan tsaki, tun kafin mu kai Dayi ya fara yi wa ragon Allah ya isa. Yana da gaskiya. Dabbar nan duk tsawon hanya ba ta cewa uffan, amma da an rage gudu a shingen jami'ai sai ta buɗe murya kamar mai sallama. Kowane shinge sai an leƙa but, sai an tambayi takardar dabba, sai Malam Garba ya fita ya yi bayani da hannu a aljihu. Wajen Kankiya na ce masa, "Malam, ragon nan fa ya biya harajin da ya fi na Alhaji Sabo na bana." Motar ta kwashe da dariya, ban da shi.

Wani dattijo mai sayar da atamfa da ke zaune a gaba ya juyo ya tambayi zancen. Da ya ji, sai ya goyi bayan Malam Garba. Ya ce shi bai taɓa ganin talaka ya ɗauki wani aiki ba, in aka matsa wa mai kuɗi guduwa yake yi, kuma in babban bango ya faɗi ƙananan da suka jingina da shi ba sa tsira. Direba ya yi tsaki ya ce shi tun yana kwandasta yake jin ana cewa a ciyar da na sama zai zubo wa na ƙasa, har yau bai ga abin da ya zubo masa ba sai ramukan titi. Suka yi ta yi har Katsina. Ni hankalina ba ya wurinsu. Na kira Nura ya fi a ƙirga, waya ba ta shiga, ina ta saƙa ko ya karya alkawari.

Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa babu mai musu. Kun san labarin hanyar da 'yan bindiga. Muka canja mota, sabon direban ya taka ta kamar ana bin mu, kowa ya yi tsit yana jan abin da ya sawwaƙa. Wata mata kusa da ni ta riƙe mini hannu ba ta sani ba, sai da muka hango Magama ta sake ni tana ba ni haƙuri. A nan muka canji kuɗi. Malam Garba ya miƙa damin naira, aka miƙo masa 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Ya tsaya yana jujjuya su yana duban ɗan canjin, ko akwai saura. Babu saura.

A Ɗan Isa ne muka sha kunya. Wani jandarma dogo, baƙi, fuska ba wasa, ya sa aka buɗe but. Ya dubi ragon, ya dubi Malam Garba, ya ce da irin Hausarsu, "Malam, wanga mi ne ne?"

"Rago ne, ranka ya daɗe. Gaisuwa za mu kai."

"Daga Najeriya kuka ɗauko rago kuka kawo Nijar?"

Sai ya ƙwala wa abokan aikinsa kira, su zo su ga abin mamaki. Daidai lokacin ga wata tirela ta nufo daga Maraɗi za ta ƙasarmu, maƙil da raguna farare, kowanne ya kusa kai jaki. Namu kuwa ya sha hanya, ya yamushe, ya ɓata jikinsa da fitsari. Duk cikin manoman da suka yi shawarar nan babu wanda ya tuna daga can ake kawo mana su. Jandarman ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu wuce, ba zai karɓi ko dala ba, wai ragon ya riga ya sha wahalar da ta ishe shi. Shi kaɗai ne shingen da muka wuce kyauta. Muna ƙetarawa layin wayata ya ɗauke, daga nan ba ni da hanyar jin Nura.

Maraɗi gari ne mai yashi, tituna a miƙe, babura ko'ina. Buredin nan da kuke tambaya, e, dogo ne, sai dai bai kai taɓarya ba, kuma ɓawonsa sai mai haƙora. Shayinsu a ɗan kofi kamar na magani, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin ladabi, sai ka jira na biyu da na uku. Furarsu kam ta fi tamu, ba zan ɓoye ba, nono suke zubawa ba ruwa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rana na take tsaka sai gari ya mutu, kowa ya rufe ya kwanta sai la'asar. Ni da nake jin kamar in tashi sama, ga mutane suna barci.

Muka sami gidan Alhaji, aka ce ya yi tafiya, sai dai mu jira. Aka kai Malam Garba ɗakin baƙi, ni aka shigar da ni cikin gida, wani ɗaki mai na'urar sanyi da ta sa ƙasusuwana ciwo, har na roƙi a kashe na shimfiɗa zanena a ƙasa. Ragon aka ɗaure shi a bayan gida cikin ragunan Alhaji, ya raɓe jikin bango ko dusa ya kasa matsawa ya ci. Abinci ba a magana, nama har ya gundure ni. Amma ina tauna ina lissafin gero, ko an fara yanka a gida.

Da zaman ya ishe ni, wata safiya na ce wa Malam Garba ya raka ni mu taka. Mun yi nisa bayan gari sai iska ta kawo mini ƙamshin gyaɗa da ake toyawa. Ban gama shaƙa ba na ji ƙarar inji. Jama'a, shekara da shekaru ina zaune a ƙofar kamfanin nan, na san kukan injinmu kamar yadda na san tarin Nura. Yana da wani ƙugi da yake yi kafin ya daidaita. Na bi ƙarar kamar mahaukaciya, Malam na bina yana "Yaya, tsaya mana." Muka iske wani sabon gini, ƙofa a buɗe, motoci na lodin jarkoki. Na leƙa. Ga shi nan, shuɗin fentin da Nura ya shafa masa da hannunsa ko kwailewa bai yi ba.

Malam Garba ya cire hula ya share zufa. Ya ce a hankali, "Inuwar giginya, na nesa ka sha."

A bakin ƙofar, daidai inda zan zauna da a ce a gida ne, ga wata mata da tukwanenta, ma'aikata sun yi mata layi. Sunanta Habsu. Da ta ga baƙi ne ta shimfiɗa mana tabarma, ta zubo mana shinkafa da wake, ta rantse ba za mu biya ba. Mace mai fara'a, mai tsabta, ta san hannunta. Ta ce tun da kamfanin ya zo ta rufe ɗakinta da kwano, ta mayar da yaranta makaranta, kullum sai ta sa wa Alhaji albarka. Ta ce su ma hukumarsu ta ba shi fili, ta ɗaga masa ƙafa a haraji na wani lokaci don ya zauna. Na so in ji haushinta, wallahi na nema na rasa. Da ta ce tana tara kuɗin babbar tukunya don ciniki ya yi yawa, sai na ce, "'Yar'uwa, ki ɗan dakata da babbar tukunyar nan." Ta tambaye ni dalili, na ce ai ƙarama ta fi saurin dahuwa.

Da Alhaji ya dawo aka shigar da mu falonsa. Malam Garba ya durƙusa, ya gaishe shi, ya isar da gaisuwar Gude, ya isar da ta Kara, ya sa aka jawo ragon har bakin ƙofa. Alhaji ya yi godiya sosai, bai yi dariya ba, wannan kam na yaba masa. Daga nan Malam ya shiga zagaye, damina ta yi kyau, jama'a na kewa, Allah ya ƙara arziki. Na ga in na bar shi za mu kwana a nan.

Na ce, "Kai Sabo, ɓarawon inji! Gwamnati ta yafe maka nata, ni ban yafe kuɗin sharata na taubasantaka ba."

Ya fashe da dariya ya ce, "Wannan mayyar har nan ta biyo ni?"

Na ce, "Har inda ka kai injinmu gyara. Na gan shi, ya warke sarai. Yaushe zai koma gida?"

Dariyar ta ragu. Ya gyara zama ya ce, "Asabe, ke mai sayar da abinci ce. In aka yafe miki tikiti, amma babu mai saye, za ki ƙara auna shinkafa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ni ma haka. Na matse mai na jera jarkoki har rufi, mutanenmu sun koma sayen mai a ƙullin leda. Wa zan sayar wa? Nan kuwa ana saye, kuma da kuɗin da ba ya narkewa a aljihu. Abin da aka yafe mini na ji daɗinsa, ba zan yi miki ƙarya ba. Da shi na yi jigilar injunan."

Na ji Malam Garba ya ja numfashi. Ya ce, "Amma Alhaji, mu fa muka tsaya. Mu muka ce in an sauke muku za ku ƙara ɗaukar yara."

"Kun kyauta, Malam, Allah ya saka. An tambaye mu abin da ke damunmu, muka ce wuta, muka ce man inji, muka ce rashin ciniki, muka ce haraji. Harajin kaɗai aka ji."

Na ce, "Kai kuma ka sa hannu biyu ka karɓa."

Ya ce, "Wa aka miƙa wa ya ƙi?"

Na tambaye shi yaushe zai dawo, ya ce in kasuwa ta farfaɗo. Na ce wa zai farfaɗo da ita in duk mai hali ya kwashe nasa ya tafi? Sai ya duba wayarsa. A nan wasa ya ƙare mini. Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba, ni da na zo in yi tsiya. Na gaya masa zancen Nura da ramin zinare, na ce ba ni da wani ɗa namiji sai shi, kuma na yi masa alkawarin zan zo da ranar buɗe kamfani.

Alhaji ya ajiye wayar. Ya ce, "Subhanallahi, Nura? Ai ni nemansa nake. Yaran nan da ke kan injin wahalar da shi kawai suke yi. Turo mini shi. Ga ɗaki, ga albashi da sefa, ya fi abin da yake samu a da." Fuskarsa ta washe, shi a ganinsa ya share mini hawaye. Malam Garba ya ɗaga hannu ya yi ta zuba addu'a. Ni ma na ce na gode, don me zan ce? Ya ba ni sharata, ya haɗa mu da turare da buredi, ya sa direbansa ya kai mu har boda.

A hanyar dawowa, wajen Kankiya, Malam Garba ya ce, kamar mai magana da kansa, ƙila da ba a yafe ba da Alhaji ya karye gaba ɗaya, ko injin ba za a samu ba. Na ce ƙila. Na kuma ce ƙila da abin da aka yafe wa su Alhaji aka bar shi a hannun masu sayen ƙullin mai, da sun sayi kwalba. Ya ce ƙila. Shi tunaninsa abin da zai gaya wa mutanen da suka yi karo-karon rago, ni kuma ina da nawa.

Na iske Nura a gida, bai karya alkawari ba, wayarsa ce ta lalace. Ya tare ni tun daga zaure, ya karɓi kayana, idonsa a bakina. Na ce Alhaji ya ce a ƙara haƙuri. Ban gaya masa sauran ba. Na yi kwanaki ina ɓoye maganar, ina cewa a raina ko wani abu zai ɓullo, ko wani zai buɗe wani wurin kusa. Aka fara yankan gero. Ran nan ina shara a ɗakinsa na ɗaga tabarma, sai ga sabuwar tocila irin mai ɗaurawa a goshi, da igiya a naɗe, kayan shiga ramin zinare. Na zauna a wurin har ya shigo.

Na ce, "Nura, zauna. Alhaji yana nemanka a Maraɗi. Injinka na can."

Yadda fuskar yaron nan ta haskaka, rabon da in ga haka tun kafin a rufe kamfani. Ya yi ta tambayata, da gaske, yaushe, an canja masa bel ko tsohon ne. Ina amsawa zuciyata na ƙuna. Na ƙetare ƙasa don in tsayar da shi, na dawo masa da hanyar tafiya a hannuna, kuma dole in gode wa Allah don ba rami ba ne.

Ni na raka shi tashar Gwarzo. Na gaya masa ya zauna a tsakiya daga Katsina zuwa Jibiya, ya yi addu'a, kada ya yi musu da jandarma, ya sayi layin can ranar da ya isa. Na ce in ya je ƙofar kamfani akwai wata mata Habsu, ya riƙa ci a wurinta, hannunta na da tsabta, amma ya gaya mata ba ya son yaji da yawa. Ya ce to, Inna. Mota ta cika ta tashi.

Na dawo gida na hura wuta, na auna shinkafar dare kamar yadda na saba. Sai da na kai hannu zan zuba ruwa na tuna, na ɗebe ta mutum ɗaya na mayar cikin buhu.